Arba'in da Biyun Inna

Kun sha jin labarin akwatin aljanun da aka taɓa yi a gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka. Kun ji shi a bakin goggonku Rabi, kun ji shi a bakin tsofaffin layi, har akwai wanda ya rantse wa ɗan'uwanku Faisal cewa akwatin yana amsa sallama. Ni ma da kaina na yi shekaru ina zuba wa labarin gishiri, don kun san halin ubanku: in na ga ɓera a kicin, kafin in iso falo ya zama ɗan maraƙi. To yau na ture gishirin gefe. Da Hausa zan rubuta, ku sha wahalar karantawa, wanda ya maƙale ya kai wa uwarsa ta juya masa zuwa Larabcin da kuka fi so. Abin da nake so ku sani shi ne, ba wani malami ne ya kori abin da ke cikin akwatin nan ba, kamar yadda ake faɗa. Ni ne. Da yatsa ɗaya, da rana tsaka, kakanku yana masallaci.

A lokacin Inna ta shekara biyu da rasuwa. Gidanmu ɗaki biyu ne a saman shagon ɗinkin Baba, shi kuwa Baba tun da ya zo aikin Hajji yana saurayi bai koma Kano ba, takardunmu duka Allah kaɗai ke riƙe da su. Ni ina da shekara ashirin da biyu a lissafin Hijira, ina aiki a wani shagon gyaran rediyo da talabijin a Zahir, inda babban aikina shi ne in kwance bayan talabijin, in leƙa, in girgiza kai, in ce sai maigida ya zo. Da wannan ƙwarewar Baba ya laƙaba mini Injiniya. Wata rana wani Balarabe ya kawo kwamfutar da 'ya'yansa suka gaji da ita, ya ce a yi yadda aka ga dama da ita, maigida kuwa ya ga damar ba ni. Kada ku hango irin taku. Faranti ne mai maɓallai, nauyinsa ya kai na jaririn raƙumi, sai an jona shi da talabijin fuskar ta koma shuɗiya, wani ɗan farin murabba'i yana ƙyaftawa a kusurwa yana jiran umarni. Da wani yare ake mata magana, sunansa BASIC, layi bayan layi, kowane layi da lambarsa. In ka gama sai ka adana aikin a kaset irin na waƙa. In kuma za ka mayar mata da shi sai ka kunna rikoda, kaset ɗin ya yi ta wani irin kuka siriri, tsakanin kukan mage da na macen da aka toshe wa baki. Duk wanda ya ji kukan nan sau ɗaya, ba ya son ji na biyu shi kaɗai a ɗaki.

Talabijin ɗin gidanmu na Inna ne. Ita ta saƙa masa farin mayafi mai geza, ita ke yaye shi da yamma ta mayar in an gama kallo. Tun da ta rasu ba wanda ya yaye shi sai ni, ranar da na shigo da kwamfuta a kafaɗa.

Niyyata mai kyau ce, a rubuta wannan a gefe. Mutanen layinmu da shekarar Hijira suka san haihuwarsu, in ma sun sani, takardun da ake aikowa daga gida kuwa shekarun Bature suke tambaya. Kullum sai ka ga dattijo yana lanƙwasa yatsu a ƙofar shagon Baba har ya ƙare da na ƙafa. Ni kuwa na san dabarar: shekara talatin da uku ta Hijira daidai take da talatin da biyu ta Bature. Ka ɗauki shekarar bana, ka ɗebe shekarar haihuwa, ka ninka sau talatin da biyu, ka raba gida talatin da uku. Na gwada a ƙaramar kalkuletar shago sau hamsin, daidai take fitowa. Saboda haka na zauna na rubuta wa kwamfuta yadda nake faɗa da baki, ba ƙari ba ragi:

S = B - H * 32 / 33

S shekaru, B bana, H haihuwa. Na ƙara wani layi mai yar da 'yan guntayen da ke bayan ɗigo, na adana a kaset, na kwanta ina jin Makka ta yi mini kaɗan. Ban gwada ba. Ina ruwan injiniya da gwaji?

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko an ci abinci. Yaya Rabi tana gida wankan jego, da jaririyarta 'yar sati uku wadda aka mayar wa sunan Inna, muke kiranta Ummi don ba mai iya kama sunan. Rana ta take, layin ya mutu murus kamar yadda yake yi tsakanin Azahar da La'asar, labule a sake, ba abin da ake ji sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki da muke kira mukayyif. Na tara Baba da Yaya Rabi gaban talabijin, na kunna kaset ya gama kukansa, na nuna musu layukan da na rubuta suna jere a shuɗin allo don su san ba da yaro suke zaune ba.

"Da wa za mu fara?" in ji ni.

"Fara da Ummi," in ji Yaya Rabi tana dariya. "Mu gani ko ƙarfen naka ya san ba ta da ko ɗaya."

Na buga shekarar bana a matsayin haihuwa. Sifiri ya kamata ya fito. Ɗan murabba'in ya ƙyafta, sai ga lamba a ƙarƙashinsa: 42.

Na buɗe baki zan yi wasa, sai na ga fuskar Yaya Rabi. Dariyar tana nan a leɓenta amma idanunta sun bar ta. Duk gidan mun san wannan lambar. Mahaifin Inna malami ne, ya rubuta ranar haihuwarta a bangon wani littafi da ta taho da shi, kuma ranar da aka dawo daga binne ta Baba ya buɗe bangon ya ƙirga, ya ce arba'in da biyu da 'yan watanni.

"Sake," in ji Baba.

Na sake. 42.

"Sa ni," in ji Yaya Rabi, muryarta ta sirance.

Shekararta ashirin da uku a lissafin Bature. Allo ya ce 65. Na sa kaina, ni mai ashirin da ɗaya, ya ce 63. Baba mai hamsin da takwas ya ce a sa shi, allo ya ba shi ɗari cif. Na yi ƙoƙarin in ce Baba ka ga an yi maka albishir da tsawon rai, amma tela ya fi ni saurin ɗebewa. Yana motsa leɓe, yana taɓa gaɓoɓin yatsunsa da babban yatsa.

"Kowa da nasa," ya ce a hankali, "da arba'in da biyu a kai."

Ya matso gaban talabijin ɗin a kan gwiwoyinsa, ya gyara gezar mayafin da ta karkace. Sannan ya faɗi abin da ya tayar mini da tsikar jiki, har yanzu da nake rubutawa tana tashi.

"Hajara," ya ce.

Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba, ku da kuke kiran matanku da suna daga ƙasan bene. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakin Baba ba. "Ke" yake cewa, ko "uwar yaran nan". Sai ga shi ya kira shi ɓaro-ɓaro a gaban 'ya'yansa, yana kallon gilashi. Ummi ta farka a daidai lokacin, ba ta yi kuka ba, ta dai juyo da kai wajen hasken.

Daga ranar Baba ya koyi kunna kaset da kansa, mutumin da ko rediyo sai an murɗa masa. Kullum in ya dawo sallar Azahar sai ya hau sama, ya yaye mayafi, ya saurari kukan kaset har ƙarshe kamar mai sauraron gaisuwa, ya buga shekarar bana da yatsa ɗaya. Lambar ta fito, ya zauna. Wani lokaci ya ba ta labarin shago, wane ya kawo yadi, wane ya yi ƙiba wandonsa ya ƙi shi. Wani lokaci shiru kawai, shi da ɗan murabba'in da ke ƙyaftawa. Ba zan ɓoye muku ba, ya yi kyau a kwanakin. Ya koma cin abinci, har ya yi mini tsiya a kan gashin bakina. Ni kuwa na daina son shiga ɗakin. Sau biyu na ji ƙamshin turaren wutar Inna a matakala, alhali ba wanda ya kunna garwashi. Ƙila na maƙwabta ne. Na ce ƙila.

Magana a Hindawiyya ba ta buƙatar tasi. Kafin sati biyu mata sun fara hawowa da rana, a sa musu shekarunsu su ga na Inna a kai. Wasu arba'in da uku yake ƙara musu, Baba ya ce ai dama ta shiga ta ukun. Sai aka fara kawo matattu. Wata tsohuwa ta ce a sa ɗanta da ya ɓace a Muzdalifa shekarun baya, lamba ta fito, ta dafa allon tana kuka tana tambayar ko yana cin abinci. Yaya Rabi kuwa ta tattara kayanta tun ba ta yi arba'in ba.

"Yarinyar nan kallon manya take mini, Habu," ta ce da ni a matakala. "Jiya ina ba ta nono na ji kunya ta kama ni. Wallahi ba zan sake hawowa da ita ba sai ƙarfen nan ya bar gidan."

Mai kantin kusurwa, wani Bayamane mai son Baba, shi ya ja ni gefe ina sayen burodi. Ya ce ya ji kalmar sihiri sau uku a ranar, sau ɗaya a bakin wanda ba ɗan layi ba. Bai ƙara ba, ba ya buƙatar ƙarawa. A garin nan, mai takarda ma in aka jingina masa wannan kalmar ya shiga uku, balle tela ɗan Kano da ba shi da ko guntuwar iƙama, takardar izinin zama. Mota ɗaya za ta tsaya a ƙofar shago, shi ke nan. In an yi masa da sauƙi a sa shi a jirgi zuwa garin da ya bari shekara talatin da wani abu, ya bar ƙasar da matarsa ke kwance a ciki.

Akwai wani malamin lissafi da ke kawo mana rediyonsa gyara a Zahir, Ustaz Ɗaha, Bahaushen Sudan, mai irin Hausar kakanni. Rediyon nan ya fi zama a shagonmu fiye da gidansa. Na rubuta masa layin a bayan kwalin batir, na ba shi labari a taƙaice, na cire sunan Inna. Ya duba bai fi ƙiftawa biyu ba.

"Yaro, biyu a tara da uku, sau huɗu, nawa?"

"Ashirin."

Ya sa na buga a kalkuleta, ta ce ashirin. Ya ce in je in tambayi kwamfuta, zai jira ni da shayi gobe. Na tambaye ta kafin Baba ya tashi daga shago. Ta ce goma sha huɗu.

"Kalkuletarka 'yar kasuwa ce," in ji Ustaz washegari, "wanda ya riga zuwa shi take sallama. Ita waccan gidan sarauta ce, ba ta bin layi, girma take bi. Ninkawa da rabawa su ne manya, ko a ƙarshen layi suka zauna su za a fara shigarwa. Tarawa da ɗebewa su jira a zaure. Kai ka ce a ɗebe haihuwa daga bana sannan a ninka. Ita kuwa ta kama haihuwa ita kaɗai ta ninka ta raba, ta bar bana a tsaye ba a taɓa ta ba, sai daga baya ta ɗebe. In kana so a shigar da ƙanana kafin manya, sai ka haɗa su cikin baka biyu, kamar yadda kake riƙe hannun tsohuwa a ɗawafi kada taro ya raba ku."

"To arba'in da biyun fa, daga ina?"

"Bana ce da ba a rage mata kasonta ba. Raba shekarar da muke ciki gida talatin da uku."

Dubu da ɗari huɗu da 'yan kai, a raba talatin da uku. Na buga. Arba'in da biyu, da ɗigo, da 'yan guntaye. Da 'yan watanni, in ji zuciyata. Na yi dariya har maigida ya leƙo, amma dariyar ba ta sauka cikina ba.

Da yamma na je wa Baba da bayani. Na kawo manya da ƙanana, na kawo zaure, na kawo ɗawafi. Yana ɗinki bai ɗago ba, sai da na gama ya cire zare a baki.

"Na ji, Injiniya. Kuskure ka yi. To cikin duk lambobin da Allah ya halitta, wa ya zaɓa wa kuskuren naka wannan?"

Na ce lissafi ne. Ya ce shi ma lissafin ai yana da Mai shi. Na kawo maganar Bayamane da motar da za ta iya tsayawa, ya ce wanda ya kawo shi Makka shi zai fitar da shi. Ya taka keken ɗinkinsa, maganar ta mutu.

Kwana uku ina juya abin. In fasa kwamfutar, zai ce na kashe ta. In sace kaset, zai bi layi yana nema, maganar ta ƙara girma. A rana ta huɗu na ce wa maigida cikina na ciwo, na dawo gida ana kiran Azahar, na laɓe har na ga Baba ya bi kwana da dardumarsa. Na hau. Ɗakin da duhu-duhu, mukayyif na gurnani. Na yaye mayafin, na kunna kaset, kuma rantsuwa ba kyau amma kukan ranar ya fi na kullum tsawo. Na kira layin ya fito. Maɓalli biyu ne kawai.

S = (B - H) * 32 / 33

Kafin in danna na ƙarshe sai na ji bakina ya ce, "Inna, yi haƙuri." Ni da na san lissafin, ni da na raba da hannuna. Na adana a sabon kaset mai kama da tsohon, na sa tsohon a aljihu, na mayar da mayafi, na zauna a lungu kamar mai ciwon ciki na gaske.

Baba ya shigo, ya amsa sannuna, ya yi duk abin da ya saba. Layukan suka jeru, ya tsaya yana kallonsu jim kaɗan. Ya buga shekarar bana. Allo ya ce 0. Ya sake, 0. Ya buga tasa, 58. Ya daɗe a durƙushe, ɗan murabba'in yana ta ƙyaftawa. Sannan ya kashe talabijin, ya ja mayafin ya daidaita gezar ta kowane gefe, ya sauka shago. Na ji keke ya tashi, bai tsaya ba har La'asar.

Matan da suka zo washegari shekarunsu na gaskiya suka gani, abin da ba macen da ta hau bene don ta gani. Cikin sati ɗaya ƙafa ta ɗauke. Wani ya ce ai malami aka kawo daga Madina ya yi ruƙiyya, ni kuma na gyaɗa kai, har na ƙara masa rawani da tsawon gemu. Mota ba ta zo ba. Yaya Rabi ta dawo da Ummi, wadda ta koma jaririya mai kuka da tumbuɗi kamar 'yar kowa. Baba ya ci gaba da ɗinkinsa a Makka. Sai dai abincinsa ya koma rabi, kuma bai sake kirana Injiniya ba. Habu kawai. Ba faɗa, ba fushi. Ku da kuke cewa ban iya shiru ba, shekara goma sha biyu na yi ina shiru a kan magana ɗaya, ina cika gidan da wasu maganganun don kada a ji ta.

A ciwonsa na ƙarshe, wata hantsi ina shafa masa mai a ƙafa, na faɗa masa. Na fara da dogon bayani yadda na saba, ya katse ni.

"Na sani tun ranar."

"Baba, ai ba ka karanta boko."

"Tela ne ni, Habu. Wata guda ina kallon layin nan kullum. Ka sa masa faci biyu ka ce ba zan gani ba?"

Na tambaye shi me ya hana shi magana. Ya juyo ya dube ni.

"Kai ma ɗanta ne," ya ce. "In kai ka ga ya kamata a sallame ta, ni wane ne? Tsohon kaset ɗin fa, ka goge?"

"Yana nan."

"To bar shi, Injiniya."

Bayan kwana tara muka kai shi.

Saura abu ɗaya, kuma a nan ne nake roƙonku ku tuna na ture gishiri. Bara ina kwashe kaya na ci karo da kaset ɗin, sai tunani ya zo mini: tunda arba'in da biyun nan shekarar Hijira ce aka raba gida talatin da uku, ai ba za ta dawwama ba. Shekaru na tafiya, dole wata rana tsohon layin ya daina ba jariri arba'in da biyu ya koma arba'in da uku. Na ɗauki wayar Faisal na yi ta bugawa, shekara bayan shekara, in ga inda ta juya. Ta juya a sabuwar shekarar da ta kama wata biyu bayan mun binne kakanku. Duk tsawon ransa, da ya sa tsohon kaset, zai same ta. Bayansa ko ni na sa, ba ta nan.

Na san amsar Ustaz Ɗaha, Allah ya jiƙansa: raba ka gani. Na raba, na gani. Kaset ɗin yana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, a naɗe cikin farin mayafi mai geza. In na tafi ku raba komai yadda shari'a ta ce, amma shi ku bar shi yadda kakanku ya ce. Kada wani mai kaifin kai a cikinku ya gyara shi.